Madarar da Nake Zubarwa a Kwata

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Inna ta lafa, har tana fita tsakar gida da sandarta.

Yaya, an rufe shagon madarar da Baba ya bar mana. Ka san bara masu duba-gari sun ce kada a ƙara sayar da ɗanyar madara, sai an tafasa, kuma kowa ya yi rajista. Duk layinmu ni kaɗai ce sakaryar da ta bi doka. Na sayi manyan tukwane, na rataya takardarsu a bango. Ladan da na samu shi ne masu saye su shinshina, su ce tana ƙaurin wuta, wai na kashe mata ƙarfi. Matar tela har cewa ta yi garin madara nake damawa. Duk suka koma wurin Dogo, maƙwabcinmu, wanda ke miƙa ɗanya ta ƙofar baya, da ɗuminta daga hantsar saniya.

Watan jiya yaran layinmu suka kwanta da amai da gudawa, har da 'yar matar tela, wadda sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Da masu duba-gari suka zo neman mai sayar da madara a layin, sunana kaɗai suka tarar a rajistarsu. Na nuna musu tukwane, na rantse, babbansu ya ce bincike ne zai wanke ni, ya danna wa ƙofa kwaɗo. Ba wanda ya buɗe baki ya ambaci Dogo, don kowa na son kofinsa na safe.

Saniya kuwa ba ruwanta da kwaɗo. In ba a tatse ta ba hantsa ta kumbura ta yi ciwo. Kullum ina tatsa, mu sha abin da za mu iya, sauran in juye a kwata. Inna takan juya baya kada ta gani. Wallahi zuciyata ta yi baƙi, na gaji. Shi ya sa nake neman izininka in sayar da shanun, tunda gadonmu ne tare.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru jiya. Matar tela ta ƙwanƙwasa mini ƙofar baya, da kwano a ƙarƙashin mayafi. Wai an sallamo yarinyar daga asibiti ta rame, in taimaka mata da ɗanya, wadda wuta ba ta taɓa ba, ko ta yi ƙarfi. Na ce sai dai tafasasshiya, kyauta. Ta ce ba ni da imani, ta wuce gidan Dogo.

Ka gaida Anti da Babangida da Auta. Inna da Kawu suna gaishe ku. Ina jiran amsarka.

Ƙanwarka,
Ƙarama