Bokitin da Aka Juye Mini a Kan Waken Mama

Njabini, 2 ga Mayu.

Zuwa ga Yaya Gicheru, a Mombasa.

Ina gaishe ka da girmamawar da Mama ta koya mana mu riƙa yi wa na gaba da mu. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Wangechi da yara, kuma ciwon ƙafar nan bai sake tashi ba. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan ruwa ake ta yi, sanyi har cikin ƙashi. Saniya ta haihu, mace. Goggo Nyaguthii ta samu sauƙin tarin, har tana cinye kwanon githeri, dafaffiyar masara da wake, ita kaɗai. Na rubuto ne domin a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana, takarda kuwa babu yadda za ka yi ka katse ta.

Ka tuna zaman da aka yi bayan mun binne Mama. Kai ka ce a ba Kihara ɗan ƙanen Baba gonarta ya zuba dankali, wai mace ɗaya ba za ta iya da ita ba. Dattawa suka ce a bar mini damina guda, in na fitar da amfani, gona ta zauna a hannuna. Kowa ya ji ka ce to. Farkon Afrilu na kafa sandunan gora layi goma sha biyu, na ɗaɗɗaure kawunansu, na shuka waken Mama mai jan fure, ƙwaya biyu a gindin kowace sanda. Shi ke nan irin da ta bari a gwangwani, ban rage ko ɗaya ba. Kwana goma suka fito, ganye fato-fato. Na san halin dodon koɗi a wannan sanyin, tsiraran nan marasa ƙoƙo a baya, don haka na zagaye kowane tsiro da toka da dakakken ɓawon ƙwai, na shimfiɗa ganyen kabeji tsakanin layuka. Kullum da asuba sai in ɗaga ganyen, in tsince su, in zuba a ruwan gishiri.

Duk da haka, layuka huɗu na jikin shingen Kihara suka ƙare cikin kwana uku. Sai guntayen kara da yauƙi yana sheƙi a ƙasa. Na zauna a wurin na yi kuka, ina ganin laifina ne, ruwa ya wanke tokar ban sake zubawa ba. Ban gaya wa kowa ba, ko Goggo. Ran Laraba sai ga wayarka kana yi mini jaje, wai ka ji an cinye wake, wai in daina wahalar da kaina. Yaya, daga Mombasa ka hango?

Ran Juma'a na fito kafin tatsar saniya, na laɓe bayan tankin ruwa. Gari na fara haske sai ga Waithera matar Kihara da bokiti. Ta duba nan, ta duba can, ta fara juye shi ta kan shinge. Na yi wuf na riƙe bokitin. Rabinsa dodon koɗi ne, baƙaƙe, kamar yatsun babban mutum, daga kabejinsu ta tsinto. Na tambaye ta ko kiwonsu ta koma yi. Ta ce in sakar mata bokiti, wai ai halittar Allah ce, inda suka ga dama suke zuwa. Na ce mata yau kuma a bokiti suka ga damar zuwa? Kihara ya fito yana gyara wando, ya ce da ni bazawarar da ta rasa wanda za ta yi wa masifa. Ya ce in ina da magana in kira yayana, don shi ya ce a taimaka mini in gane noma ba nawa ba ne. A gaban Mama Gathoni mai karɓar madara ya faɗa, ita kuwa ta ce za ta maimaita ko a tsakiyar coci ne.

Ko kai ka ambaci bokiti, ko su suka ƙara nasu, duk ɗaya ne a wurina. Da wannan waken aka raine ka. Da shi Mama take cika maka jaka duk lokacin da za ka koma makarantar kwana, mu kuwa mu ci masara zalla. Shi ne ka tura a zuba wa ƙazanta don ka faranta wa Kihara.

Kada ka yi saurin murna. Ashe Mama ta taɓa ba Goggo kofi guda na irin, ta kwance shi daga tsumma ta ba ni. Na sake shuka layuka huɗun, na yanke robobin ruwa na kifa wa kowane rami. Mama Gathoni ta ara mini agwagi uku, suna sintiri a bakin shinge suna cinye dodon koɗi, har sun yi ƙiba. Sauran layuka takwas sun kama sanda, sun kai mini ƙugu. Bokitin yana gidan Baffa Ndegwa, babban dattijonmu, da kaina na kai masa, da sunan Waithera rubuce da fenti a jikinsa. Ya sa zama ran sha takwas ga wata, ya ce ka zo da ƙafarka, ba ya karɓar saƙo. In ka zo ka sauka gidan Kihara, don ɗakin Mama na kulle shi, makullin yana wuyana.

Ka gaishe mini da Anti Wangechi, ka ce mata ba ni da matsala da ita. Ka gaishe da Nduta da Gitau, in wake ya nuna zan aiko musu da nasu, su san abin da kakarsu ta shuka. Na tambayi Goggo ko in sa gaisuwarta, ta ce in bar wurin haka nan.

Ƙanwarka,
Nyokabi.