Gawon Gonar Kakanka Bai Haukace Ba

Maigidana Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiya, ina karatu, ina zahin Yamai? Mu nan Dakoro lau, sai gwiwa da ta ƙi ni.

Ka ce a waya kana shirya wasa, abokanka su zauna, wannan ya zama maharbi, wancan boka, su yaƙi itacen da ya haukace, wai in gaya maka yadda ake kashe shi. Kai, mugun miji! To saurara.

Ran kasuwa gawon gonar marigayi kakanka ya saki reshe bisa amalanken kawunka Habu, jaki ya tsira da ƙyar. Habu ya ce itacen ya haukace, ya wasa gatari. Na ja sandata na tahi na gani. Makiyaya sun sassare mishi rassa duk rani, masu magani sun ɓare ɓawon har hwari ya hito. Ko ni aka yi wa haka, sai na jehi mutum. Na shimhiɗa tabarma gindinshi, na ce Habu ya hwara sara da ni. Ya gama hucinshi ya kewaye shi da ƙaya, amma ya ce in bai toho ba bayan girbi, zai kada shi.

Saboda haka cikin wasanka, wanda ya tambayi itacen inda ke mishi ciwo, shi ya ci. Maharbin ya rataye bakanshi.

Ka gaida abokan naka. Ka sa gawon cikin addu'a, don cikin inuwarshi ne kakanka ya hwara yi mini magana.

Kakarka,
Tabawa