Batirin da ke Dawo da Maigida

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma ruwan batirin jirgi ya cinye min tabarma. Kullum da yamma Maigida zai dawo daga kamun kifi, ya turo wannan baƙin abu a baro, ya dire shi kusa da soket don ya kwana yana caji. Ɗaki ya ɗau wari, ni kuma na koma mai gadi kar auta ta taɓa. Na ce masa na gaji. Da ƙarfi na faɗa, har ƙaninsa da ke bakin ƙofa ya ji.

Laraba, 5 ga Maris

Baki shi ke yanka wuya. Ƙanin nasa, wanda muke ce wa Injiniya saboda ya taɓa gyara tocila, ya zo da shawara wai a sa wa jirgin caja a ciki. Inji na tafiya batir na cika, ba ɗauka ba saukewa. Har na fara sa masa albarka. Sai ya ƙara da cewa in an sa, babu abin da zai riƙa dawo da su gida kullum, za su nausa can ciki inda manyan kifaye suke, su yi kwanaki a kan ruwa.

Kifi na ganinka, mai jar koma. Ashe ba tabarmata ce ta dame shi ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ce jirginsu ba ya buƙatar wata caja. Na ce wayar wuta da ruwa ba sa shiri, wata rana gobara za ta tashi a inda ba wurin gudu. Na ce mahaifinsu ya tsufa a kan ruwa, ko batir bai sani ba balle caja. Maigida ya yi dariya, wai ba ni ce na ce batirin ya ishe ni ba? Na ce ya ishe ni, amma na saba.

Abin da ban faɗa ba: na san mijina. In kifi na shiga raga mantawa yake yana da gida. Batir ne ke yin sanyi, fitila ta dushe, famfon fitar da ruwa ya fara tari, dole ya juyo. Abin kunya, mace ta dogara da batir ya dawo mata da miji. Amma gaskiyar ke nan, kuma haushinta nake ji.

Asabar, 8 ga Maris

Injiniya ya kawo hoton cajar a waya. Ban kalla ba, ko ruwa ban ba shi ba.

Talata, 11 ga Maris

An ɗauke wuta jiya, batir bai cika ba. Na ce su haƙura da fita. Maigida ya goga wayoyin batirin ya ga tartsatsi, ya ce da sauran rai. Taurin kai dai gado ne a gidansu.

Magariba ta wuce, ba baro, ba shi. Wayarsa a kashe.

Laraba, 12 ga Maris

Da safe wani jirgi ya janyo su. Batir ya mutu suna tsakiyar ruwa, inji ya ƙi tashi, famfo ya tsaya, iska ta taso. Da yankakkiyar jarka suka yi ta kwasar ruwa har gari ya waye. Tafin hannun Maigida duk ya saɓule, ko kofi ba ya iya riƙewa, ni ke ba shi a baki kamar auta.

Haushin kowa nake ji. Masu ɗauke mana wuta, shi, batirin. Wanda ya fi ƙona min rai Injiniya ne, da ya zauna ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Da ya ce ai ya faɗa, da na samu wanda zan sauke wa.

Juma'a, 14 ga Maris

Ina sa wa Maigida magani ya ce, "In ba ki so, ba za a sa cajar ba."

Dubi wayo! Wato in wani abu ya sake faruwa, a kaina yake. Na ce, "In an sa, kwana za ka riƙa yi a ruwa. In ba a sa ba, wata rana ruwan ne zai riƙe ka. Wanne kake so in zaɓa?"

Ya miƙo min ɗaya hannun. Na matse masa bandeji fiye da kima, kuma da gangan.

Lahadi, 16 ga Maris

Wucewa kawai na yi ta shagon mai wayarin, wato mai haɗa wutar lantarki. Tunda na tsaya, sai na tambaye shi ko akwai irin cajar da ruwa ba ya shiga. Ya ce akwai, in dai an ɗaure ta sama an rufe bakin wayoyin da kyau. Na sa ya maimaita. Ba wai na yarda ba ne.

Alhamis, 20 ga Maris

An ɗaura cajar jiya. Ina tsaye a kansu aka yi, na sa Injiniya ya kwance ya ƙara ɗaga ta sama, yana ta ƙunƙuni. Yau da safe suka tafi, sai ranar Asabar in Allah ya kai mu. Har yanzu ra'ayina bai sauya ba, jirgi ba ya buƙatarta. Masu taurin kan da ke cikinsa ne ke buƙata.

Sharaɗi ɗaya na gindaya: tunda yanzu ba shi da hujjar mutuwar waya, kullum da magariba ya kira.

Ya kira. Na ce ina da aiki, ya yi sauri. Ya yi ta ba ni labarin wani kifi da ya kuɓuce musu, ruwa na bugun jikin jirgi, Injiniya na ihu a gefe wai a gaya min batir cike yake. Labarin ba shi da kai ba shi da gindi. Abinci ya kama a tukunya ina jin ƙaurinsa, ban tashi ba. Na ce masa, "To, sai kuma aka yi yaya?"