Shi Za A Yanke Wa Fatar, Ni An Ce Kwalliya Nake Nema

Tanti Waheeda, don Allah ki taimake ni, kuma ki karanta wannan da fuskar gaske, domin duk wanda na fara gaya wa damuwata sai ya gyara zama yana murmushi, yana jiran in kai wurin dariyar. Ba na ganin laifinsu. Ni ne na taɓa sa ƙaguwa a takalmin ladanin masallacinmu na garin Cunupia, har yau in tsofaffi suka hango ni sai sun kakkaɓe takalmansu kafin su sa. Karatuna na makarantar masallaci ne kawai, in kin ga rubutun ya karkace ki miƙar da shi da kanki.

Ni da Shazard, ɗan ƙanen babana, tare muka tashi, tare muka yi ƙiba, tare muke tuƙa motar ɗaga kaya a siton wata masana'antar lemon kwalba. Tanki Biyu ake ce mana. In muka tsaya gaban mai dabuls, soyayyen burodin nan mai wake da ake karyawa da shi da safe, yakan ce wa na bayanmu su je gida su dafa shayi, yau an gama. Da ciwon sukari ya kama ni, shi kuma hawan jini, sai inshorar wurin aiki ta biya aka yi mana aikin rage ciki a wata guda. Mun rame, alhamdu lillahi. Kusan rabina ya tafi. Amma ba wanda ya gaya mini cewa kitsen ne kawai zai tafi, buhun da yake ciki yana nan.

Tanti, fatar cikina ta sauko har cinya. Da safe naɗe ta nake yi in cusa a wando. In na yi ruku'u sai ta riga ni isa ƙasa. In ina gudu a filin wasan ƙwallon kurket tana tafi, yaran unguwa suna cewa Bhai, wato ni, ya zo da 'yan kallonsa. Ina taya su dariya. Abin da ba su sani ba shi ne ƙarƙashinta. Da damina ta shiga wurin ya yi ja, ya tsattsage, ya riƙa ruwa, ga ƙaiƙayi, ga wani wari da turare ba ya rufewa. Na daina shiga sahun gaba. Maganar aure kuwa in an tayar sai in juya ta wasa, don ban san da wace fuska zan cire riga a gaban 'yar mutane ba.

Inshora ta ce yanke fata gyaran jiki ne, ba ta biya, sai in likitansu ya ga tana jawo ciwo. Muka nema mu biyu, aka ba kowa ranarsa.

A nan Nani ta shigo, kakata ta wajen uwa, wadda ta rene ni. Tun da ciwon ya fara ita ke kula da shi. Ta tafasa ganyen darbejiya in gasa wurin, ta ba ni man kwakwa, ta ba ni garin sitaci in barbaɗa, ta yayyaga tsohon mayafinta mai laushi in sa a tsakani. Ban taɓa kai shi asibiti ba, tunda ga asibiti a kicin. Da ta ji likita zai duba ni sai ta ɗaura ɗamara. A gidanmu ba a zuwa gaban likita da ƙazanta. Ranar da Nana, mijinta, ya faɗi a tsakar gida, sai da ta sauya masa riga ta taje masa gemu kafin ta bari a sa shi a motar asibiti. To ni ma haka. Ta hana ni kurket, ta sa na ɗauki hutu, ta kwantar da ni gaban fanka da ciki a buɗe kamar kifin da ake shanyawa, safe da yamma gashi da mai da gari. Ta ce jikanta ba zai je ya ba ta kunya ba, a ce ba shi da kowa a gida. Ranar da za ni, fatar nan ta warke sumul, tana ƙamshi kamar ta jinjiri.

Likitar mace ce, ba ta girme ni sosai ba, ga wata nas a gefe. Aka ce in cire riga. Ni kuwa in kunya ta kama ni bakina ne ke gudu. Ta tambaye ni ko fatar tana damuna, na ce ina, ai aljihu Allah ya ƙara mini. Na sa hannu a ƙarƙashinta na zaro ƙullin alawar tsamiya da na ɓoye tun daga gida, na miƙa wa nas na ce ta ci da ɗuminta. Nas ta yi dariya har ta dafa bango. Likitar ma ta murmusa, ta ɗaga fatar, ta duba, ta yi rubutu. Na fito ina jin na burge.

Amsar da ta zo ita ce fata lafiya lau, ba a taɓa kai ta asibiti ba, mai ita ma ya ce ba ta hana shi komai. Ba za su biya ba.

Shazard kuwa an amince masa. Babansa ya rasu, mamarsa ta koma Kanada wurin 'yarta, shi kaɗai yake zaune a ɗakin haya. Nani ba muharramarsa ba ce, ba zai buɗe mata ciki ba. Duk lokacin da nasa ya tashi sai ya tafi asibitin unguwa, a duba, a ɗauki hoto, a ba shi magani. Ranar da ya je gaban likitar nan haka ya je da abinsa ɗanye, ya tsaya kamar gunki yana amsa e da a'a. Mutumin da ko labari bai iya bayarwa ba.

Tun ranar ban sake zama daidai ba. Na fi shi ramewa, Tanti. Tawa ta fi tasa sauka, mun gwada. Yanzu ya sayi wani ɗan gajeren wando ja na wanka, yana ajiye da shi a akwatinsa na wurin aiki, yana fito da shi yana nuna wa mutane, wai da shi zai shiga ruwa a bakin tekun Maracas. Yana tsayawa a karkace gaban madubin wurin alwala yana matse cikinsa da hannu biyu don ya ga yadda zai koma. In na gan shi haka sai in kau da kai. Na kama kaina ina cewa a zuci Allah ya sa a ɗaga ranar. Na yi istigfari, tunanin ya tafi, da la'asar ya dawo.

Sai na yi abin da na iya. Na cika masa akwatin da kunzugun jarirai da bulumboti, na baza a sito cewa haihuwa za shi yi, 'yan biyu ne, a fara tara gudummawar suna. Har manaja sai da ya ce masa Allah ya sauke ki lafiya, Hajiya. Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Ni ne ban yi ba, domin wannan karon so nake ya ji zafi, kuma na ga ya ji.

Da aka tashi ya same ni wurin ajiye motoci. Na ɗauka faɗa ya kawo. Sai ya ce, Bhai, ka ajiye kunzugun nan, ƙila ni za su yi wa amfani. Ya ce bayan aikin ba zai iya miƙewa shi kaɗai ba, sai an tayar da shi, an yi masa wanka, an zubar da ruwan da zai riƙa fita ta roba daga cikinsa, kuma ba shi da wanda zai roƙa sai ni. Na ce zan duba lokutan aikina. Har yau ina dubawa, aikin kuwa farkon watan gobe ne. In na hango shi sai in juya motata ta wani layin.

Ga tambayoyina. Nani tana da barkono a bayan gida, irin wanda ko hannu ya taɓa sai ya yi kwana yana raɗaɗi. Ina tunanin in goga shi a ƙarƙashin fatar, in sosa, in ɗauki hoto, in koma in ce ciwon ya tashi. Ai ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, tunda ciwon gaskiya ne, ɓoye shi aka yi. Ya halatta? Sannan ta yaya zan riƙe wa Shazard tasar wanka, in ga cikinsa ya zama shafal, ni kuma in koma banɗakinsa in naɗe tawa? Ina tsoron in je in faɗi abin da zai raba mu, ina kuma tsoron in ƙi zuwa.

Mai Aljihun Ƙari, Cunupia


Ɗana Mai Aljihun Ƙari,

Na yi dariya a wurin alawar tsamiya, ba zan ɓoye maka ba. Daga nan ban ƙara ba.

Barkonon nan ka bar wa Nani ta yi miya. Kai da ka yi fama da sukari, ƙuna a wurin da iska ba ta shiga tana iya zama miki mai zurfi ya kwantar da kai, kuma ba likitan da zai yi aiki a kan ruɓaɓɓiyar fata. Masu duba irin wannan kullum sun san bambancin ƙuna da ciwon gumi. In suka gane, ba wannan neman kawai za ka rasa ba, kana iya rasa inshorar da aikin tare. Kai da ka zauna gaban malam ka san sunan abin, shi ya sa ka tambaya.

Ba ka ma bukatarsa. Ciwonka na gaske ne, zai dawo da kansa. Likitar nan ba ta zalunce ka ba: ta ga fata mai kyau, ta ji mai fatar ya ce aljihu ce, ta rubuta abin da ta gani ta ji. Nani ma ba ta cuce ka ba, ta yi abin da ta san ƙauna ce. Ka zaunar da ita ka gaya mata wannan likitan so yake ya ga ciwon yadda yake, kuma gyara shi kafin a je kamar share sawun ɓarawo ne kafin 'yan sanda su zo. In ta ƙi yarda, ka tafi da ita asibitin ta ji daga bakinsu. Daga yau, duk ranar da wurin ya yi ja, ka tafi a ranar, ba mai ba gari. A duba, a rubuta, a ɗauki hoto, ka yi amfani da maganin da aka ba ka, in ya dawo ka koma.

Gobe ka je ofishin ma'aikata ka nemi sharuɗɗan inshorarku a rubuce, ka tambayi yadda ake neman a sake duba hukunci da wa'adin yin haka, kada ya wuce ka kana wasa. Ka koma wurin likitan da ya yi maka aikin farko ka nemi ya rubuta abin da ya gani. In aka sake kiranka, ka shiga da aljihu biyu kawai, na wando. Ka ce musu wancan karon kunya ce ta sa ka wasa. Ka faɗi warin, ka faɗi sahun gaba da ka bari, yadda ka faɗa mini. In ka san bakinka zai gudu, ka rubuta a gida ka miƙa. Ba zan yi maka alkawarin za su amince ba, kuma abin zai ɗauki watanni. Ka tambayi likitanka ko akwai layin da za ka shiga a asibitin gwamnati, kada ka jingina da ƙofa ɗaya.

Kishinka ban ga abin mamaki a ciki ba. Kun sha wahala ɗaya, an buɗe wa ɗaya an rufe wa ɗaya, ko waye zai ji. Amma ka duba abin da kake yi wa kishi. An amince wa Shazard ne saboda ba shi da mai tafasa masa ganye. Duk tsawon lokacin nan yana zuwa asibiti shi kaɗai yana ɗaga riga gaban baƙi, kai kana kwance gaban fanka ana yi maka hidima. Ba rabonka aka ba shi ba, kuma in an ɗaga ranarsa fatarka ba za ta ragu ba.

Ka je ka same shi a makon nan, ba a sito ba, inda ba 'yan kallo. Ka ba shi haƙuri a kan kunzugun. Sannan ka faɗa masa kai tsaye cewa kana kishi, abin yana cinka. Ina kyautata zaton ya riga ya sani, kuma duk da haka kai ya roƙa. Abin da kake tsoron ya suɓuce maka a bakin gadonsa, in ka riga ka faɗe shi a tsaye da rana, ba shi da sauran dafi. Za ka ji zafi ranar da aka kwance masa bandeji, wannan ba makawa. In ya zo, ka fita waje ka sha iska, ka dawo ka tayar da shi. Ka kuma buɗe ido, domin duk abin da ka koya a jinyarsa, da yadda ya bi har aka amince masa, kai zai yi wa amfani. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka ba shi dariya a kwanakin farko, ɗinkin ciki ba ya son ta.

Ka ba shi amsa kafin ya fara neman wani. Allah ya sa a yi masa aiki a sa'a, ya ba ka lafiya da sanyin zuciya, ya kawo taka ranar. Ka gaishe mini da Nani da kyau.

Tanti Waheeda