Baƙi Uku

New Bell, Douala
4 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Kulsum,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da abokan aikinki a can hamadar Namibiya. Mu nan ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa.

Ranar Juma'a aka yi sadakar arba'in ɗin mahaifiyarki. An dafa shinkafa da kifin kasuwar Youpwé, aka ci, aka watse. Ban yi kuka ba. Nakan laluba zuciyata kamar aljihu, in ji ba komai.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Da na ga matière noire, na ɗauka wani darasi ne mai wuya, don a makarantarmu ta dā matière darasi ne. Ashe baƙin abu ne da ba a gani, sai dai a ga yana jan taurari. Kin ce ana zaton ya taru kewaye da ƙaton baƙin ramin da ke tsakiyar taurarinmu, kuma in ƙwayoyinsa suka yi karo za su saki wani haske mai suna gamma. Shi kuke dako shekara shida. Kin ce a watannin nan ramin yake hawowa saman kanku, shi ya hana ki zuwa. Ban riƙe ki a raina ba. Zauna ki gama.

Mahaifinki,
Yusufa

New Bell
27 ga Agusta

Kulsum,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki. Kada rubutun nan ya ba ki mamaki. Hannun Malam Idi tela ne, maƙwabcinmu, ni ina faɗa.

Shi ya karanta mini wasiƙarki. Kin ce bana ma hasken bai zo ba, amma ba a yi asara ba, tunda yanzu kun san inda ba ya nan. Ni ma na san wannan aikin. Na san mahaifiyarki ba ta madafa, ba ta bakin famfo. Duk da haka, in zan fita alwala sai in kewaye inda tabarmarta take, alhali an naɗe ta tuni.

Jiya na zauna ina juya kalma ɗaya. Ke baƙi kike nema a sama. Ni baƙi sun daina shigowa tun arba'in. Baƙi na takarda kuma sun ɓace mini. Likita ya ce ciwo ya ci jijiyar idona, tabarau ba zai ƙara amfani ba. Tun watan Yuni na sani, na ɓoye miki.

Wancan karon na ce ki zauna. Na janye. Raminku, in ji ki, ya fi duniya tsufa, baɗi ma zai hawo. Ni ban san baɗi ba.

In kin sauka, ki ce wa mai taksi bayan masallacin layinmu, ƙofar da aka yi wa shuɗin fenti. Ki yi sallama da ƙarfi tun daga zaure, da murya zan gane ki.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Yusufa