A Sayar Ko A Riƙe?

Kibiya, ranar Lahadi.

Aminina Shamsuddeen,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Afra'u da yara. Kada ka yi mamakin ganin takarda. Wayata a kashe take, don ta zame mini ƙarfen ƙafa.

Ka tuna manhajar da ka saka mini, mai jera hannayen jarin kamfanoni bisa saurin tashin farashinsu? Ka ce wanda ke hawa shi ake bi. Na sayi kaɗan a kamfanin nan mai ƙera faifan sola da injin ban-ruwa, ya haye saman jeri ya zauna. Tsautsayi ya sa na nuna a teburin mai shayi. Yanzu rabin unguwarmu sun saya. Har daga Kahu da Durba ake hawo babur a tare ni a bakin aji, kuma tambayar ɗaya ce: a sayar ko a riƙe? Ni fa malamin tarihi ne, abin da ya wuce na sani.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Sagiru.

Kibiya, ranar Talata.

Shamsuddeen,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Abin ya shigo gida. Surukina Baffa Lado ya sayar da shanun huɗarsa ya zuba kuɗin a kamfanin. Shi a ganinsa kamar dawa ce, a ɓoye da kaka a fitar da bazara. Na ce masa dawa in ta faɗi a kasuwa ana tuƙa ta a ci, wannan kuwa ba ta shiga tukunya. Dariya ya yi, wai kunya ce ta hana ni yabon kaina. Matata Barakatu tana ta murna mahaifinta ya yarda da mijinta.

In na ce a sayar farashin ya ci gaba da hawa, na yi musu baƙin ciki. In na ce a riƙe ya rikito, na cuce su. Nawa ma na kasa sayarwa, don idon kowa yana kaina. Wallahi tsoro nake ji.

Naka,
Sagiru.

Kibiya, ranar Juma'a.

Shamsuddeen,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya.

Na ji an ce kamfanin ya fara zamewa daga saman jeri, ga damina ta matso, Baffa ba shi da abin huɗa. Jiya bayan la'asar na tafi wurin Malam Muhyiddeen, limamin da ya koya mini karatun allo, don shi kaɗai ne bai taɓa yi mini zancen ba. Na yi niyyar in juye masa cikina ya ba ni mafita. Ya sallami kowa, ya ja ni cikin zaure, ya ce dama yana nemana.

Sai ya zaro waya daga aljihu, ya rage murya, ya yi mini tambayar nan da kowa ke yi.

Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Sagiru.