Jar Shinkafarki, Inna

Assalamu alaiki Inna, tare da gaisuwar ɗa ga mahaifiyarsa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa nake rubuto miki. Na buɗe tukunyar da kika liƙe da laka, na tarar da irin jar shinkafarki mai bin ruwa, wadda ke ƙara tsawo duk yadda ambaliya ta kai. Na zaga Kalgo, na tambaya har kasuwar Gwandu, ba wanda ya rage da ita. Kowa ya koma ta zamani. Irin kuwa ya tsufa, in bai shiga ƙasa bana ba, ya mutu.

Abin da ban sani ba shi ne ranar shuka. In na yi sauri fari ya ƙone ta, in na makara ruwa ya shanye ta tun tana ƙarama. Ke wata ciyawa kike dubawa a bakin fadama. Na tuna ki tsugunne kina tona ƙasa da yatsa, Baba yana ta gaggawa, ke kuwa kina cewa, "Ku dakata, hakin nan bai hito ba tukuna." Da Fillanci kike kiran sunan ciyawar. Mu kuma Hausa zalla kika yi mana, don kada a yi mana dariya a makaranta. Kin yi mana gata, Inna, amma ga inda gatan ya ajiye ni.

Jiya na hau mashin zuwa Dangoma wurin Goggo Dije, ƙawarki. Idonta ya tafi, tsufa kuma ya kwashe mata Hausa, sai Fillanci kaɗai. Da na zuba mata irin a tafin hannu ta shinshina, sai ta fashe da kuka, ta kira sunanki. Ta daɗe tana yi mini bayani. Jikokinta suka fassara gaisuwa da addu'a, da aka zo kan ciyawar sai suka kalli juna. Sun ji sunan, ba su san ganyenta ba. Ita ta san ganyen, ba ta gani.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Inna. Kullum ina bakin fadama ina kallon ciyayi, wataƙila ma ina taka wadda nake nema.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki. Ni kuma Ya nuna mini ranar, domin ba ni da wata tukunyar.

Ɗanki,
Bello